Bangon Ɗakin Inna

Da la'asar sakaliya ta rufe keken ɗinkinta, ta ɗauki bokiti ta nufi filin da take gini. Ban ruwa za ta yi. Sabon gini in bai sha ruwa safe da yamma ba, siminti ƙonewa yake ya tsattsage. Aikin magina ne, amma tun da bango ya sake sauka babu wanda ke yarda rana ta faɗi yana wurin.

Ƙi-Faɗi ake ce mata, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, don haka ginin a wuyanta yake. Ta gaji da gidan haya. Yau mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, gobe wani ya ce ya sayar, kullum katifa a ɗaure. Mahaifiyarta kuwa ƙafa ta daina ɗaukarta, a kan kujera ake cicciɓarta zuwa mota. A tashin ƙarshe tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce, "'Yar nan, ki sama mini inda zan mutu ba a ce in matsa ba."

Shi ya sa da aka gama zuba harsashi, ɗakin Inna aka fara ɗorawa. Ko'ina ya tsaya sai nan. Da safe a tarar an cire bulo daidai faɗin ƙofa a bangon gabas, an cire a na yamma, an jera su gefe a tsanake. Ko ɗaya bai fashe ba.

Babban magini ya cire hularsa ya ce, "Hajiya, ɓarawo ba ya jera bulo. Hanyar mutanen ɓoye ce ta ratsa ta nan. Ki haƙura da ɗakin nan."

Ta ce, "Lokacin da nake cinikin filin suna ina? A sake ɗorawa."

Aka sake. Wannan bangon ta zo ba wa ruwa.

Filin shiru, sai ƙanshin jiƙaƙƙen yashi. Ga tulin tsakuwa, ga baro a kife, ga rodi tsaitsaye. Zaren magina yana nan a miƙe tsakanin turaku, iya gwiwa. Ta ɗebi ruwa a tanki ta fara bin bango, bulo yana tsotsewa da ɗan sauti kamar mai ƙishi. Can nesa ladan ya soma kiran magariba.

Tana cikin ɗakin Inna gyare suka yi tsit.

Wani wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Sai zaren ya motsa. Babu iska. Ya lanƙwasa, ya dawo, ya yi ƙara siririya. Ya sake. Ya sake. Ƙafafu ne ke tsallake shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu kowa.

Tsoro ya kama ta, na gaske. Hanyar fita na nan a bayanta. Amma ta tuna kujerar nan da ake cicciɓar Inna, sai haushi ya danne tsoron.

Bulon sama na bangon gabas ya ɗaga a hankali. Ya sauka ƙasa ba ƙara. Na biyu ya motsa.

Ta yi bismillah ta watsa ruwan bokitin wajen.

Ruwan bai kai bango ba. A iska ya tsaya, ya gangaro ta kan wani abu: kai, kafaɗu, dogon wuya. Tsawonsa ya wuce rodi. A bayansa akwai wasu, ruwa na ɗiga daga jikinsu.

"Matsa," in ji wata murya, dab da kunnenta, kamar ana jan yashi da shebur.

"Ba na matsawa."

"Hanyarmu ce. Tun babu ku."

Ta gyara tsayuwa. "Ɗakin uwata ne. An tashe mu an tashe mu, ya isa haka. Masu ido da hanci ma na gama da su, balle ku."

Sanyi ya kama wuyan hannunta. Yatsu ne, dogaye, sun zagaye shi har sun haɗe. Bokitin ya faɗi.

Aka ja ta.

Ta rungume rodi da ɗaya hannun. Ƙarfen ya yanke ta. Takalmanta suka ja layi a yashi.

Numfashi a fuskarta, mai warin laka.

Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshe ya ƙi. Abin da ya fito daban.

"Marasa tarbiyya! Gidan mutane kuke shiga ba sallama?"

Jan ya tsaya.

Ɗigar ruwa kawai ake ji.

Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗi ta baya, ta rarrafa, ta miƙe da gudu ba takalmi ba ɗankwali. Ba ta waiwaya ba sai da ta ga fitilar mai shago a bakin titi.

Kwanaki ta yi tana zazzaɓi. Shatin yatsu ya fito baƙi a wuyan hannunta, har yau bai goge ba, kuma hannun ba ya ɗumi ko a tsakar rana. Mijinta ya dawo ya ce a sayar da filin. Ta dube shi ta ce in ya samu mai saye, ya haɗa har da ita.

Ranar da ta miƙe ta kira babban magini, ta sa ya kafa ƙofa a bangon gabas, ya kafa wata a na yamma, kowacce da sakata ta ciki. Daga nan bulo bai ƙara sauka ba. Aka yi rufi, aka cicciɓo Inna a kujerarta, aka ajiye ta a ɗakinta.

Yanzu kullum magariba Ƙi-Faɗi na zaune a bakin gadon tsohuwar, ƙofofin a rufe. Gyare su yi tsit. Sai a ji murya ƙasa-ƙasa daga bayan ƙofar gabas tana sallama.

Inna ta ɗaga kai ta ce, "Wa ke nan?"

"Masu wucewa ne, Inna. Ƙarasa lazuminki, su jira."