Kujera Biyu, Fasfo Ɗaya

Ranar da Auta ta shiga ofishin masu shirya tafiye-tafiye, soke tafiya ta je yi. Tun a mota take bitar maganar a ranta: an fasa auren, a soke komai, a mayar mata da abin da ya saura na kuɗin da ta ajiye. Magana ce da ba ta wuce numfashi ɗaya ba.

Ƙaramin ofis ne a saman bene, teburi uku da ƙatuwar taswirar duniya a bango, wadda wajen teku ya koɗe saboda yatsun kwastomomi. Matar da ta karɓi kuɗinta watannin baya ta bar aikin. A kujerarta wani saurayi ne zaune, gwiwoyinsa na dukan ƙasan tebur saboda tsawo. Abokan aikinsa ba su wahalar da kansu ba, Dogo kawai suke ce masa.

Ya buɗe fayil ɗinta a kwamfuta, ya ɗago da fara'a.

"Ashe amarya ce. Hutun bayan biki, mutum biyu, zango uku. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin."

Matar teburin gefe ta ce amin. Wani dattijo da ya zo karɓar biza ya juyo ya ƙara da Allah ya ba da zuri'a ta gari.

To, ina bakin da zai ce an fasa a tsakiyar wannan addu'a? Auta malamar firamare ce, da harara ɗaya take tsayar da hayaniyar aji guda, amma a nan sai harshenta ya yi nauyi. Kunya ta lulluɓe ta har tana jin zafi a kunnuwanta.

"Amin," ta ce, idonta a kan jakarta. "Na zo ne mu ƙarasa tsarin."

Gaskiyar maganar ita ce, Injiniyan da zai aure ta ya janye ana saura kwanaki kaɗan, bayan an gama raba kati. Ko zuwa bai yi ba, kawunsa ya turo ya ce wai yaro ya sake tunani. Tun daga nan Auta ta daina zuwa taron jama'a, ta canza hanyar makaranta don kada ta wuce shagon telan da ya ɗinka mata kaya. Hutun nan kuwa gudummawarta ce ga auren. Daga albashinta ta tara, ita da ba ta taɓa fita ƙasar waje ba, teku ma a hoto ta san shi.

Dogo ya miƙe da biro ya nufi taswirar.

"Zangon farko tsibiri ne, farin yashi, ruwan garau har kina ganin yatsun ƙafarki. Na biyu tsohon gari ne a bakin tashar jiragen ruwa, kasuwarsu ta kayan ƙamshi sai kin toshe hanci don daɗi. Na uku kan tsauni, gonakin shayi. Can ki tafi da rigar sanyi, ko da an ce miki ƙasar zafi ce."

"Ba za a ƙara wani gari ba?" ta tambaya, don dai ta ce wani abu.

"Kuskuren masu tafiyar farko ke nan. Su cusa gari biyar a mako guda, su dawo ba abin da suka gani sai filin jirgi."

Ya kasa mata kuɗin gida huɗu: na jirgi, na masauki, na ci da zirga-zirga, sai na ko-ta-kwana wanda ya ce ko yunwa ake ji ba a taɓa shi. Ya gargaɗe ta cewa ƙaramin jirgin da ke zuwa tsibirin ba ya ɗaukar babban akwati.

"Na kuwa san amare, sai a kwaso har da dutsen guga."

Dariya ta kufce mata. Rabonta da dariya irin wannan har ta manta.

"Ango fa? Teku ya fi so ko tsauni?"

Injiniya bai taɓa tambayar ko ina za su ba, duk lokacin da ta ɗauko maganar waya yake dannawa. Idonta ya faɗa kan kofin da ke gefen kwamfuta.

"Shayi yake so," ta ce.

"To tsauni nasa ne. Mutumin kirki ne, ki riƙe shi."

Ta sauko daga benen tana zagin kanta. Ta yi alkawarin mako mai zuwa za ta faɗi gaskiya. Mako ya zo, suka ɓata lokacin a kan kwale-kwalen da ke haɗa tsibirin da gari, ko a shiga na safe ko na rana. Wani makon kuma maganar inshora ce, da otal ɗin da ke ba da karin kumallo kyauta, da inda za a samu abincin halal. Kullum da gaskiyar take hawa benen, kullum da ita take saukowa.

Abin da ya fi ba ta kunya shi ne angon da take ƙerawa. Duk tambayar da Dogo ya yi, sai ta ƙara wa angon hali. Mai haƙuri ne. Yana saurare har mutum ya gama magana. Ba ya raina ƙaramin kuɗi. Ranar da aka zo zaɓen kujerar jirgi ta ji bakinta ya ce a ba shi ta bakin hanya, don ƙafafunsa dogaye ne. Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa, ta yi saurin sunkuyawa kamar tana gyara takalmi.

Wata ranar Asabar tana wanki saƙonsa ya shigo:

"Salam Malama. Idan kuka matsa da mako biyu otal ɗin tsibiri zai sauko sosai. Farkon damina ne, amma ruwan can da yamma yake zuba ya ɗauke. Ki shawarci ango. A tuna da katin rigakafi, kuma fasfo ya zama da sauran wata shida a kansa."

Ta goge hannu ta rubuta:

"Wa'alaikumus salam. Ango ya amince. Allah ya saka da alheri."

Ta kife wayar a kan bokiti, ta daɗe ba ta ci gaba da wankin ba.

A zuwanta na gaba ta tarar da shi ya canza. Babu zolaya, ko kallon fuskarta ba ya yi.

"Malama, daga yau abokiyar aikina za ta ci gaba da fayil ɗinki."

"Na yi wani laifi ne, Malam?"

"A'a. Ni ne nake gudun yin laifi."

Ya gyara takardun da ba su buƙatar gyara, sannan ya ce kamfanin jirgi ya riƙe musu kujeru biyu zuwa Alhamis. A kawo fasfo biyu, don suna a tikiti sai ya dace da na fasfo.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, Auta ta san ta zo ƙarshen nata. Ranar Alhamis ta hau benen da fasfo ɗaya a hannu, ta wuce teburin da aka tura ta, ta zauna a gabansa.

"Malam, akwai maganar da..."

Aka turo ƙofa. Tun kafin ta juya ta gane turaren. Injiniya ne, da wata budurwa a bayansa tana riƙe da makullin motarsa. Da ma shi ya nuna mata ofishin tun farko, yau ga shi ya kawo wata.

Ya tsaya turus, sai kuma ya yi 'yar dariya.

"Ke kuma me kike yi a nan? Au, har yanzu ba ki soke tafiyar tamu ba? To da wa za ki?"

Auta ta so ƙasa ta tsage ta shige. Tana ganin idon Dogo ya sauka a kan fasfo ɗayan da ke tebur, ya koma kan Injiniya, ya dawo kanta. Ya gane komai, ba sai an yi masa bayani ba.

"Yallaɓai," ya ce ba tare da ɗaga murya ba, "a nan ba a tambayar kwastoma da wa zai yi tafiya. Ga tebur can, za a saurare ku."

Ya juyo gare ta kamar babu abin da ya faru.

"Malama, muna kan maganar kwale-kwale. Ina ganin na safe ya fi, ruwa bai tashi ba."

Rufin asirin nan ne ya karya ta. Da faɗa ya yi mata da ta iya daurewa. Ta miƙe ta fita, ta bar fasfon a nan, hawaye na hana ta ganin matakala.

Bayan la'asar tana ƙudundune a ɗaki, Umma ta gaji da tambaya ta ƙyale ta, sai wayar ta yi ƙara, saƙon Dogo ne.

"Fasfonki yana wurina, na kulle a durowa. Ban soke komai ba."

"Ka soke. Na daɗe ina yi maka ƙarya. Ba ni da idon da zan kalle ka."

"Ni kuma na daɗe ina istigfari, ina zaton matar wani nake so. Yau na ji an sauke mini kaya. Tambaya ɗaya gare ni: angon nan mai shan shayi, mai haƙuri, mai dogayen ƙafafu, da gaske akwai shi?"

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Daga ƙarshe ta runtse ido ta tura:

"Akwai shi. Bai dai sani ba."

"Yanzu ya sani, abokiyar tafiyata. A ba shi izini ya zo ya gai da Baba."

Sai dai Baba bai ba da fuska ba. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai ƙarancin magana, tun fasa auren kuwa ya ƙara shiru. Ya karɓi Dogo a falo, Auta na raɓe bayan labule tana ji.

"Yaro, ban ga aibunka ba. Amma ni da ƙafata na raba kati, ni da ƙafata na koma gida-gida ina ba mutane haƙuri. Na tsaya a ƙofar waɗanda na girma ina neman kalmar da zan faɗa. Ba zan sake sa wa 'yata rana ba a yanzu."

Auta ta jingina da bango. Duk tsawon lokacin nan kunyarta kaɗai take gani, ba ta taɓa tunanin yadda tsohon nan ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi shi kaɗai ba. Tausayinsa ya kama ta, wata sabuwar kunyar ta taso a kan ta da.

Dogo bai yi zuciya ba. Kowane mako sai ya zo ya gaishe da Baba, ya zauna, ya sha shiru, ya tafi. Ita kuma da yamma ya turo mata: "Yau Baba ya ce mini ya aiki. An samu ci gaba, sanyin idona." Ta mayar masa: "Ka yi haƙuri da shi, Dogona. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu."

Bayan watanni, wata rana Dogo ya zo da kawunsa. Da aka gama gaisawa ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Baba, in Allah ya sa ka amince, kada ka fita rabon kati. Ka faɗa mini gidajen da ka shiga ba da haƙuri, ni da Kawu mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Su ga fuskata, su san wurin aikina. In na saɓa, ni za a nuna da yatsa, ba kai ba."

Baba ya dubi tabarmar da ke ƙasa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Gidajen da yawa," ya ce. "Kana da takalmi mai ƙwari?"

Umma da ke kicin ta saki murfin tukunya.

Haka kuwa aka yi. Dogo ya bi ƙofofin nan kaf, yana sunkuyar da kai don kada ya bugi saman ƙofa, yana gabatar da kansa. Waɗanda a da suke ƙus-ƙus in Auta ta wuce, su ne suka fara cika gidan ranar ɗaurin aure.

Hutun kuwa ya koma zango biyu. Hidimar biki ta cinye na tsauni, Dogo ya ce tsaunin ba gudu zai yi ba, shayi kuma akwai a gida. Na ko-ta-kwana dai ya hana a taɓa.

Da safen tafiyarsu suka biya yin sallama. Auta ta durƙusa a gaban Baba, kanta a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini kunyar da na ja maka."

"Ɗago kanki, Auta."

Ta kasa. Ya sa hannu ya ɗago haɓarta da kansa, abin da rabonsa da yi tun tana ƙarama.

"Ke ba ki ja mini komai ba. Wanda ya saɓa alkawari shi ke da kunya, ni da ke ɗaukar masa kawai muka yi. Yau mun ajiye. Ku je ku ga tekun, Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a zamanku, ya ba ku 'ya'ya masu cika magana."

"Amin," in ji Dogo da Umma.

Auta ma ta ce amin, tana kallon fuskar mahaifinta sosai, hawaye na zuba ba ta ɓoye su ba.