Ƙodar Hagu

Shekara ashirin da uku ke nan ina aikin jinya a ɗakin wankin ƙoda, kuma na ga masu ciwo iri-iri. Na ga wanda hawan jini ya kawo, na ga wanda ciwon suga ya kawo, na ga wanda ya kashe ƙodarsa da shan maganin ciwon jiki kamar gyaɗa. Duk ina tausayinsu. Mutum ɗaya ne har yau na kasa gane ko tausayinsa nake ji ko haushinsa, wato wanda ke kwanciya a gado na uku duk Litinin da Laraba da Juma'a. Da bakinsa ya ba ni labarin nan, allura biyu na soke a hannunsa, inji yana juya jininsa.

Mai-hoto muke ce masa, don shi ke ɗaukar hoton ciki a asibitinmu. Ya iya aikinsa, ga shi da baki. In ya shafa wa mutum man nan mai sanyi ya ɗora na'ura, sai ya hau karatu.

"Ka ga wannan mai kamar ƙwayar wake? Ƙodarka ce. Biyu ne, kowace kamar dunƙulen hannunka, sun ɓuya a bayan ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Duk jinin jikinka sai ya bi ta cikinsu, su tsame datti, su mayar maka da mai kyau, ragowar ta gangara ta wasu siraran bututu biyu zuwa mafitsara. Amma ɗaya ma ta isa mutum ya tsufa. Ɗayar gyara ce aka yi mana."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kashe gidansa.

Cutarsa kuwa ido ce. In likitoci suna ajiye motocinsu da safe, yakan tsaya a taga yana cizon yatsa. "Sista, ni ke gano ciwon, su ke hawa motar," in ji shi. Nakan ce ya sha ruwa ya koma aiki. Wata rana aka kawo masa wani attajiri, ya duba ya ga ƙodarsa ɗaya ta bushe ƙarƙaf. Yana neman yadda zai faɗa masa a hankali, sai attajirin ya yi dariya ya ce, "Ai na san da ita. Ni na bayar." Kafin Mai-hoto ya gama goge masa man daga ciki, attajirin ya riga ya yi masa kwatancen wurin wani boka.

Da rana tsaka ya je, bayan wata tsohuwar mahauta da aka daina yanka a cikinta. Ɗakin babu taga, daɓen a jiƙe, sanyi na shiga ta tafin ƙafa. An ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango, an rataye wasu abubuwa baƙaƙe masu kamar busasshen dabino. Wani zai ɗauka layu ne. Shi kallo ɗaya ya yi ya gane ƙoda ce, kuma ba duka ne na dabba ba. A tsakiya akwai wani baƙin tulu, ruwa na ɗiga cikinsa ɗil, ɗil, alhali rufin a bushe yake. Bokan na zaune bayan tulun, ramamme, ƙafafunsa a kumbure, numfashinsa na zarnin fitsari.

"Masu yi mini aiki ba sa shan jini," in ji bokan. "Ƙoda suke so. Ɗaya daga kowane mutum na gidanka, mutum guda kowace shekara, daga babba zuwa ƙarami. Su kuma su tace maka arzikin gari, mai kyau ya tsaya a hannunka."

"Babu mutuwa a ciki, Baba?"

"Ni ban ambaci mutuwa ba. Ɗaya na ce. Ku nawa ne a gidan?"

"Biyar. Mahaifiyata, ni, matata, ɗana, sai Auta."

"Ƙoda nawa ke nan?"

"Goma."

"Ka ƙirga?"

Mai-hoto ya yi murmushi. "Baba, ai abincina ke nan."

"Ka ƙirga?"

"Kowa biyu gare shi."

Bokan ya sake tambaya karo na uku, Mai-hoto ya ce ya ƙirga. A ransa yana ganin ya samu wawa, zai karɓi duniya ya ba da abin da babu wanda zai ji rashinsa.

"To wacce za a ɗauka, ta dama ko ta hagu?" in ji bokan.

Nan ma sai da ya nuna ilimi. "Ta hagu. Ita likitoci suka fi cirewa in za a yi dashe, jijiyarta ta fi tsayi."

Bokan ya sa ya tuɓe riga ya juya baya. Ya tsaga ɗanyar ƙodar rago, ya manna masa a kwiɓin hagu har sai da sanyinta ya ratsa shi, ya yi mata zane biyar da toka, ya jefa a tulu. Ɗigon ruwan ya tsaya cak. Ya ɗebo ruwan tulun a kwalba ya miƙa masa, ya ce ya gauraya da ruwan sha, kowa ya sha daga hannunsa.

Da yamma ya bi mutanen gidansa da kofi ɗaya bayan ɗaya. Matarsa har da tsokana, wai yau wace rana ce maigida ya zama mai hidima. Auta, lokacin shekararta bakwai, ta shanye nata tas ta ce, "Baba, akwai daɗi, ƙara min." Ya ƙara mata.

Arziki ya zo kamar an buɗe famfo. Ya ajiye aikinmu ya buɗe nasa wurin hoto, sai na biyu, sai kantunan magani, sai gida mai bene da motocin da suka fi na likitocin da yake leƙe. A shekarar farko mahaifiyarsa ta kwanta. Dama tana da suga, ƙodarta ta dama ta riga ta gaji, da ta hagu ta tafi sai ta kasa ɗaukar aikin ita kaɗai. Ya binne ta ya ce tsufa ne, kuma ya san ƙarya yake. A shekara ta biyu ya kulle ƙofa ya ɗora wa kansa na'ura. Ta hagu ta tsuke, ta dama ta ƙara girma tana aikin biyu lafiya lau. Ya ce mini ranar har dariya ya yi. Matarsa da ɗansa kuwa ɗan ciwon baya suka yi na mako guda, ya wuce.

Shekara ta biyar, wata safiya Auta ta tashi fuska a kumbure, takalmin makaranta ya ƙi shiga. Ta yi kwana biyu ba ta yi fitsari ba, sai amai. Ya ɗauke ta da kansa ya kwantar a kan sabuwar na'urarsa. Ta hagu ta bushe, wannan ya san da shi. Ya zagayo dama. Ga hanta, ga hanji, amma gurbin ƙoda wayam. Ya ƙara mai, ya danna har yarinyar ta ce, "Baba, da zafi." Babu komai a wurin, ba a taɓa yin komai ba. Akan haifi mutum da ƙoda ɗaya, ya rayu ya tsufa bai sani ba, kuma shi da kansa ya ga irinsu sun fi a ƙirga. Cikin dubban baƙi ya leƙa, bai taɓa leƙa na 'yarsa ba, don ba ta taɓa ciwo ba.

A hannuna aka kawo ta, na kwantar da ita a gado na uku. Sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa, inji yana yi mata abin da tsoka 'yar mitsitsiya ke yi wa kowa a kyauta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Wanda ƙodarsa ta tsaya, ruwan da ya sha ba shi da mafita, sai ya taru a ƙafa da huhu. Don haka rabin kofi ake auna mata a yini. Takan riƙe hannun rigata ta ce, "Sista, kurɓi ɗaya, ba zan faɗa wa likita ba." Sai in ba ta gutsuren ƙanƙara ta tsotsa, in shiga ɗakin magani in share hawaye.

Likita ya ce sai dashe. Aka gwada dangi da duk wanda ya yarda, babu wanda jininsa ya dace da nata sai uban. Ina tsaye likitan ya ajiye hotunan a tebur.

"Kai ne ka dace, amma ɗaya gare ka."

"A ɗauke ta, likita. Ni in koma kan injin."

"Babu likitan da zai taɓa ka. Amma akwai abin da ban gane ba. Kai, matarka, ɗanka, yarinyar, duk ta hagu ce ta bushe. Me kuke sha a gidan nan?"

Matar ta juyo a hankali ta dube shi. Tun da aka yi aurensu, rana ɗaya tak ya taɓa kawo mata ruwa da hannunsa. Ba ta yi ihu ba, cewa kawai ta yi, "Kofin nan," shi kuma ya sunkuyar da kai.

Ya koma bayan mahautar a guje, ya durƙusa, ya ce a kwashe dukiyar a mayar wa yarinya abinta.

"Abin da suka ci ba ya dawowa," in ji bokan. "Sau uku na tambaye ka. Kuma kai ka zaɓa. Da dama ka ce, da sun je wurin yarinyar sun tarar babu komai, sun dawo hannu wofi."

Mai-hoto ya sa ƙafa ya fasa tulun. Bokan ko motsi bai yi ba, ya dubi ruwan yana malala ya ce, "To, ai tulun nan shi ke riƙe maka ƙodarka ta dama."

Auta ta cika wata Laraba da la'asar, zuciyarta ta gaji. Da na ga alamar babu sauran abin da za a kare, na cika kofi taf da ruwan sanyi na tallafo kanta. Ta sha rabi, ta yi ajiyar zuciya, ta ce na gode.

Uwar ba ta sake dawowa daidai ba. Tana nan tana yawo a titin asibiti da kofi a hannu, tana tare 'yan makaranta tana cewa su shanye, an hana 'yarta. Ɗan ya bar gari, ya ce kada a kira shi ko da uban ya mutu. Wuraren hoton suka rufe ɗaya bayan ɗaya, gidan benen ya koma hannun wasu. Kafin shekara ta zagayo Mai-hoto ya zo mini da ƙafafu a kumbure, ya ce a ba shi gado na uku, ba ya son wani.

Ku masu ƙyallara ido a kan abin hannun mutane, ku ji ni da kyau. Babu abin da Allah ya sa a jikin ɗan Adam da ya yi yawa, balle ka ɗauki na matarka da na 'ya'yanka ka kai wa matsafi. Ba jahilci ne ya kai mutumin nan ba, ya fi ni sanin ƙoda nesa ba kusa ba, kwaɗayi ne ya sa ya amsa tambayar da bai duba ba. Duk wanda zuciyarsa ke raya masa zuwa irin ɗakin can, ya fara biyowa ta wurina ranar Juma'a. Zai tarar ina auna wa Mai-hoto rabin kofinsa, shi kuma yana riƙe da shi yana kallo, ya kasa kai wa baki.