Saura Ɗaya

Da almuru matar Auta ta aike shi ya rufe tagar ɗakin rediyonsa, don hadari ya haɗo. Auta ake ce masa har yau, ga furfura har gemu. Ya tafi yana ƙunƙuni.

A ɗakin nan akwatin yake, wanda shi da marigayi Yayansa suka haɗa da hannunsu don ƙara wa oba-obarsu ta magana da abokan rediyo ƙarfi, murya ta kai nesa. Kwalaben lantarki biyu ne a ciki, aikinsu kamar na masu lugude a turmi ɗaya: wannan ta sauke, waccan ta ɗaga. Tsakaninsu akwai naɗin wayar tagulla, zagaye goma sha biyu ake so kowane gefe, ba daɗi ba ragi. Yaya ya naɗa na dama kafin ciwo ya kwantar da shi. Auta ya ƙarasa na hagu, waya ta ƙare masa a sha ɗaya, ya liƙe da dalma ya ja bakinsa ya yi shiru.

Tun ranar akwatin bai yi lafiya ba. Kwalba ɗaya ta yi jajir kamar garwashi, murya tana fita a shaƙe. Ya sauya kwalabe, ya ɗora mita nan da can, duk don idon mutane. Da abokan rediyo suka dame shi da tambaya, sai ya ce musu, kowa yana ji, ai hannun Yaya ya riga ya fara rawa a lokacin, shi ya ɓata naɗin. Mutumin da ya koya masa riƙe sukundireba ke nan. Maganar ta zaga har gidan marigayin.

Ya ja tagar. Sai warin dalma mai zafi ya doki hancinsa. Kwana uku bai kunna komai ba.

Ya dubi bango. Filogi yana ƙasa, a cire.

Amma kwalbar tana ci jajir.

Lasifika ta yi ƙarar tsartuwa, ta yi tsit. Sannan wata murya ta fito, ba ta Yaya ba, ba ma ta mutum ba, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Ɗaya."

Ya so ya juya. Wani abu mai sanyi ya damƙe wuyan hannunsa, ya kai yatsansa kan naɗin dama. Zagaye bayan zagaye ana ƙirga masa a hankali, yadda ake yi wa daƙiƙi. Sha biyu cif.

Aka mai da hannun kan naɗin hagu. Daga ƙarshensa babbar wayar wuta take, wadda ke kashe mutum a tsaye. Tana ƙugi. Gashin hannunsa ya miƙe.

"Tara. Goma. Sha ɗaya."

Yatsan bai tsaya ba. Ana jansa gaba, inda na sha biyu ya kamata ya zauna, inda babu komai sai wayar nan.

"Saura ɗaya," in ji muryar, dab da kunnensa. "Aikin wa?"

Zafin wayar ya fara taɓa farcensa.

"Nawa ne," ya ce. "Ni ne."

Aka sake shi.

Da rarrafe ya fita. Matarsa ta ga wandonsa a jiƙe, ta dubi sama, ba a fara ruwa ba, ta kawar da kai.

Washegari ya samo waya, ya warware, ya naɗa sha biyu, akwatin ya tashi garau. Da shi ya kira abokan ya faɗa musu gaskiya. Yatsan dai har yau ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi.

Mai wuyar shi ne zuwa gidan Yaya. Ya tarar da matar marigayin tana ninke wanki, ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya, kansa a ƙasa. Ba ta fasa ninkewa ba.

"Ai na sani, Auta. Ni na riƙe masa wayar yana naɗawa, tare muka ƙirga. Jira nake in ga yaushe za ka gaji."

Ta tura masa kujera da ƙafa. Ya kasa zama.