Tafukan da ke Bangon Makarantar Sistoci

An ɗauke wuta, muna kan tabarma a tsakar gida. Na ce gobe zan je tsohuwar makarantar sistocin coci ta bayan dutse in zana ƙofofinta masu lanƙwasa kamar baka, tunda zanen gini na karanto. Yaya Briskila, ɗiyar kawunmu, ta ajiye kofin kunu.

"Ke kaɗai?"

"To da wa?"

"Matso. Kai ma Iliya, ajiye wayar nan."

Ƙanena ya ajiye. Ta rage murya.

"Kun san a can Mama ta yi karatu. Ina goye ta rasu. Ko hotonta ba mu da shi, gobara ta cinye.

"Ginin nan, 'yan matan farko ne suka ɗauko duwatsunsa a ka daga rafi. Kuma suna da al'ada. Duk wadda ta gama sai ta danna tafinta a ɗanyen tubali, a gasa, a jera shi a bangon doguwar baranda. Ba a sa suna. Sistoci suka ce Ubangiji ya san hannun kowa.

"Bara waccan na ji bangon ya tsage, za a shafe shi da siminti. Na ce ko tafin Mama ne in taɓa kafin a rufe. Mota ta ɓata mana lokaci a hanya, ban isa ba sai dab da magariba. Ɗalibai suna hutu. Magina sun zube yashi sun tafi.

"Tafuka ne tun daga ƙasa har sama. Wanne ne nata? Na sa hannu a wannan, na sa a wancan. Duk sanyi. Na tsuguna ina kuka.

"Sai ga wata tsohuwar sista da farin lulluɓi tana shara. Tsintsiya tana tafiya, amma ganye ko motsi.

"Ta ce, ''Yar Dinatu ce?'

"Muryar kamar aji guda ne suka amsa tare.

"Na ce, 'Sannu Sista. A ina kika san ni?'

"'Kukanku ɗaya. Ita ma ba ta sauti. Biyo ni.'

"Muna tafe, takun mutum ɗaya nake ji. Nawa."

Iliya ya manne da ni. "Yaya, da kin gudu mana!"

"In gudu in bar uwata? Kusa da ƙofar ɗakin addu'a ta nuna mini wani tubali can ƙasa. Ta ce, 'Gajeruwa ce. Ta ƙi yarda a kai nata inda ba za ta iya taɓawa ba.'

"Na ɗora hannu. Ɗan ƙarami, yatsuna sun wuce nata. Ashe yarinya ce. Kuma da ɗumi, kamar yanzu aka ɗauke. Sai na ji yatsu sun shiga tsakanin nawa, sun riƙe.

"Na ce, 'Mama, ni ce.'

"Tubalin ya yi laushi. Hannuna ya nutse har wuyansa. Ban ja ba. Wallahi ban so in ja ba.

"Sista ta ce, 'Cire.'

"'A'a.'

"'Ta ce ki cire. Ba don ki zauna a bango ta haife ki ba.'

"'Ki ce mata ko kaɗan ne...'

"Ta buge mini hannu da gindin tsintsiya. Na faɗi. Da na ɗago, ba kowa a barandar.

"Da safe na koma. Magina ta gefen ɗakin addu'a suka fara, siminti ya riga ya rufe tafin Mama."

Iliya ya ce a hankali, "Ko mafarki kika yi?"

Ta ɗora tafinta na hagu a kumatuna, sanyi. Ta ɗora na dama. Ɗumi kamar na jaririn da aka sauke daga baya.

"Tun ranar ke nan," ta ce. "Ki je ki yi zanenki. Da rana tsaka, kuma da wani. Bangon nan ba mugu ba ne, kewa ce ta cika shi. Ni an sami mai buge mini hannu. Ke ban sani ba."

Ta juya ta kwanta, tafin daman a ƙarƙashin kumatunta. Kafaɗarta tana rawa, ba sauti.