Gurguwar Kaza da Ƙwan Zabuwa

A wani zamani can, a wani ƙauye, an yi wata yarinya mai kaza guda ɗaya tak. Wata rana jaki ya taka kazar, ƙafarta ta karye.

Kawun yarinyar ya duba, ya ce, "Kawo wuƙa kafin ta mutu a banza."

Yarinya ta rungume kazarta, ta ce, "Don Allah Kawu, a bar mini ita."

Ta yi mata ɗori da sillen kara da tsumma. Kullum sai ta ba ta dusa, ta ba ta ruwa, ta mayar da ita akurki. Haka yau, haka gobe, har kaza ta miƙe, sai dai tana ɗingishi.

Da damina ta faɗi, zabuwar Kawu ta yi ƙwai goma sha biyu, sai dila ya kama ta. Kawu ya rasa yadda zai yi, don duk gidan ba kazar da ke kwanci sai gurguwar nan.

Yarinya ta ce, "Kawu, kawo su."

Ta jera ƙwan a ƙarƙashin kazarta. Ta ba ta dusa, ta ba ta ruwa, har mako huɗu. Ran nan da safe sai ga 'yan zabi goma sha biyu suna bin gurguwa.

Kawu ya cika ƙwarya da gero, ya tsuguna, ya ajiye a bakin akurki. Ya ce, "Wannan na gurguwa ne. Ke kuwa 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika hana ni wuƙa."