Goron da Aka Raba a Walimar Afnan

"Malama Hafiza, ga filas ɗinki. Na gode da shayin da aka sha a baya."

Hafiza ta tsaya cak, wuƙa a hannu, lemon da take yanka wa 'yan wasa yana ɗiga a kan yatsunta.

Malama Hafiza?

Wata bakwai ke nan Rilwanu bai kira ta da wannan sunan ba. Malamata yake cewa, a hankali, yadda iyayen yara ba za su ji ba.

"Kocina... lafiya?"

"Lafiya lau. Saƙon gidanku ya iso, na kuma gane."

"Wane saƙo?"

Ya sa usur a baki, ya juya wajen 'yan matan ƙungiyarsa da ke tsalle-tsalle a tsakiyar fili, cikinsu har da ƙanwarta Afnan.

Ba ta gama haɗiye wannan ba sai ga guɗa a bayanta.

"Ayyururui! Amarya ba kya laifi!"

Anti Hamsatou ce, 'yar Maradi mai shagon kayan miya a titin Gate City, ta taho da kujerarta ta naɗewa a kafaɗa. Har Turawan da ke gefe sai da suka waiwayo.

"Anti, wace amarya?"

"Ji munafuka! Mun ci goro, mun sha alawa, yanzu kuma za ki yi mana fuskar salihai? Allah ya sa albarka, 'yata. Yaron kirki ne."

Hafiza ta dubi Anti. Ta dubi ƙeyar Rilwanu. Ta dubi filas.

Cikin minti biyar an sake ta, an kuma aurar da ita, ita kuwa ba ta san hawa ba balle sauka.

Gidan mahaifinta Alhaji Bello da ke garin Summerfield a Amurka gida ne kuma makaranta. Yaransa ba sa hawa motar makaranta, teburin cin abinci ne ajinsu. Shi Alhaji direban tirela ne, ya fita Litinin sai Juma'a, wani lokacin ma sai wata Juma'ar. Hajiya Hauwa'u ke riƙe da karatun Alƙur'ani da ladabi da jadawalin gida kaf. Lissafi da kimiyya kuwa na Hafiza ne tun da ta gama jami'a. Da zarar ganye ya fara ja a watan Satumba, gidan sai ya koma tashar mota. Safe darasi, Talata taron iyalai masu karantarwa a gida, Laraba ninkayar ƙaninta Haidar, Alhamis atisaye, Asabar wasa ko walima ko yawon buɗe ido. Wanda ke cikin irin wannan gudu, ko giwa ce ta shigo falo sai ya ce a matsar da ita gefe, an makara.

Aka tashi wasa biyu da ɗaya. Hafiza ba ta ma san wa ya ci ba. Ta tare shi a wajen ajiye motoci yana tura jakar ƙwallaye a but.

"Wallahi ba za ka tafi ba sai ka gaya min abin da na yi."

"Hafiza, bar ni da abin da ke damuna."

"Ni ce abin da ke damunka, ga ni. Faɗi!"

Ya rufe but ɗin, ya jingina da motar.

"Sau biyu. Sau biyu Kawu Ɗanlami ya taso daga Charlotte da dattijai biyu, mutumin da gwiwa ta hana shi sallah a tsaye. Neman aurenki suka zo."

Hafiza ta zaro ido.

"Neman... Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Kawu ya ce maganar manya ce, ba a gaya wa yarinya sai an karɓa. Ya kira Alhaji yana kan hanya, Alhaji ya ce a tambayi Hajiya rana, ita ta san jadawali. Hajiya ta ce Asabar ta farkon Satumba. Suka zo, gida a kulle."

"Ranar mun tafi tsinkar tuffa can kan duwatsu..."

"Kawu ya ce mantuwa ce. Aka sake ba su Asabar da ta wuce, ƙarfe huɗu."

Walimar saukar Afnan. Baba kuwa ya ɗauki kaya zuwa Memphis tun ƙarfe biyu, ana gama addu'a.

Sai hoton ya dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Dattijai uku cikin manyan riguna. Ita da kanta ta leƙa tagar motarsu ta ce, "Baba, don Allah a ɗan ja baya, kun tare wa mai kawo kek hanya." Ita ta kai su gareji cikin maza, ta zaunar da su a kujerun roba. Ɗayansu ya miƙo wani ƙunshi mai nauyi, ta karɓa ta ce an gode da gudummawa.

"Innalillahi... Ƙunshin nan..."

"Goro ne da alawa na gaisuwa."

"Na raba shi! Na ƙulla a leda na bi mutane da shi!"

"Na sani. Ke da hannunki kika miƙa wa Kawu goronsa, ƙwaya biyu a leda, kika ce a sa Afnan a addu'a."

Ta dafe kai da hannu biyu.

"Ya ce tun da yake bai taɓa ganin an mayar wa mutum da goro cikin ladabi irin wannan ba. Ya rantse ba zai taka ƙofarku sau na uku ba. Ni kuma ba ni da uba sai shi, Hafiza. In bai nema min ba, babu mai nema."

"Wallahi ban sani ba, Kocina. Wallahi!"

Ya daɗe yana kallonta. Idonsa ya yi laushi, amma muryarsa ba ta yi ba.

"Na yarda ke ba ki sani ba. Wanda ya ba da ranakun fa?"

"Yaya, we're late!" Afnan ta ƙwala daga mota. "Mama ta ce ƙarfe ɗaya ne gonar kabewa!"

A hanyar komawa sau biyu tana wuce kwanar da za ta fita daga titin Wendover. Tunaninta ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Mama ta manta ne? Matar da ta san ranar da za a canza wa mota mai wata uku kafin lokacin? To in ba mantuwa ba ce, me Rilwanu ya yi mata? Ita ce fa ke zuba masa dambun nama a roba duk Asabar. In kuma ba ta so, me ya hana ta cewa a'a? Kuma ta yaya 'ya za ta tsaya gaban uwarta ta ce, Mama, ina maganar aurena?

Ba a je gonar kabewa ba. Suna isa suka tarar da kan tirelar Alhaji a gefen gida, shi kuma yana tsaye a falo da waya a kunne, fuskarsa irin ta wanda aka tasa daga barci.

"Amin... amin, na gode... To, sai mun yi magana."

Ya ajiye wayar.

"Hauwa'u! Mutum na huɗu ke nan tun daga Asheville yana yi min Allah ya sa alheri. Wannan ma faɗa ya yi, wai na ba da 'ya ban gaya masa ba. Wace 'yar na bayar?"

Hafiza ta tura yara sama, ta shige ɗakin karatu ta zauna a kujerar Haidar, gwiwoyinta har ƙirji. Bango ɗaya ne tsakaninta da falo, bangon Amurka kuwa ba ya riƙe sirri.

"Mutanen Charlotte ne," in ji Hajiya a hankali.

"Waɗanda kika ce min ba su sake kira ba?"

Alhaji ya sake jefo tambaya.

"Sun zo?"

"Sau biyu."

"Ina ina?"

"Ba ka nan."

"Wa ya ba su ranar da ba na nan?"

Alhaji ya ci gaba.

"Hauwa'u, shekara ashirin da shida ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Yaron yana da aibi? Faɗa min yanzu in rufe maganar."

"Ba shi da aibi."

"To mene ne?"

Sai Hafiza ta ji abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Mama tana kuka.

"Alhaji, aji uku na sakandare aka cire ni. Kai ka sani, su ba su sani ba. Duk ranar Talata ina zama cikin matan nan masu digiri ina gyaɗa kai kamar na gane. Littafin lissafin Afnan in na buɗe, haruffa nake gani a inda ya kamata in ga lamba. Ni na nace a cire yaran nan daga makaranta, na ce zan iya. Ba ni ke iyawa ba, Hafiza ce! In ta tafi, jarrabawar ƙarshen shekara za ta tona min asiri. Kai kana kan titi. Ni da wa zan zauna a teburin nan?"

"Shi ne kika wulaƙanta dattijai?"

"Ban ce a'a ba. Na kasa cewa a'a, na kasa cewa to. Na ce bari in ja zuwa bazara... Goron kuma wallahi ina kicin, ban ga lokacin da ta raba ba."

Hafiza ta rasa abin da za ta ji. Fushi ya taso, tausayi ya danne shi, fushin ya sake leƙowa. Ta tuna yadda Mama ke tsayawa a bayanta da kofin shayi duk lokacin darasi, tana cewa tana duba natsuwar yara ne.

"Hafiza!" Alhaji ya kira. "Fito, na san kina ji."

Ta fito ta durƙusa a bakin kafet, kai a ƙasa.

"Ke kika raba goron?"

"Ban sani ba, Baba..."

"Mutum nawa suka ci?"

"Za su kai sittin."

Alhaji ya cire hula ya sosa kai. Sai kuma ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Goron da baki sittin ya tauna, wa zai tattaro shi ya mayar? Gari ya riga ya shaida. Saura abu ɗaya. Kina son yaron?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Tana son sa," in ji Hajiya, tana share ido da gefen zane. "Ai shi ya sa na ji tsoro."

Hafiza ba ta san lokacin da ta rarrafa ta kifa kai a cinyarta ba.

"Mama, Wendover ne fa gidansa, ba Kano ba. Minti ashirin. Zan riƙa zuwa."

"Amarya ba ta zuwa aiki gidan uwarta."

"To ke ki zo nawa. In koya miki, ke ki koya musu."

"Da furfurata?"

"Ba wanda zai sani sai ni da ke."

"Da ni," in ji Alhaji. "Kuma bakina da tsada."

Hajiya ta harare shi cikin hawaye.

"Amma Baba," Hafiza ta ce murya ƙasa-ƙasa, "kawunsa ya rantse ba zai sake zuwa ba."

"Ya yi daidai. Ni ma da ni ne haka zan yi. Ba za mu sa dattijo kaffara ba. Shi ya rantse ba zai zo ba, ni ban rantse ba zan je ba." Ya mayar da hularsa. "Hauwa'u, gobe me ke cikin jadawalinki?"

"Taron shirya bikin ɗaya ga Oktoba, sai kuma..."

"Goge shi. Charlotte za mu, ni da ke. Ke za ki yi bayani, ni zan riƙe miki jaka."

Uban 'ya ya je gidan masu nema, abin da ba a saba gani ba. An ce Kawu Ɗanlami ya bar su a zaune kusan rabin awa kafin ya fito, don shi ma ya ɗan rama. Hajiya ta yi bayaninta ta gama. Sai ya tambaya ko yarinyar nan mai korar motoci ita ce amaryar. Aka ce ita ce. Ya ce to Rilwanu ya samu mai tsare masa ƙofa.

Da la'asar wayar Hafiza ta yi ƙara.

"Malamata..."

Ta runtse ido.

"Sai yanzu ka tuna sunana?"

"Tuba nake. Jiya ko ruwa bai wuce min ba."

"Ka mayar min da filas a gaban mutane!"

"A dawo min da shi, don Allah. Da shayi a ciki."

"Sai na yi shawara."

"Da wa?"

"Da Kawu. Maganar manya ce."

Ya yi dariya har sai da ta janye wayar daga kunne.

An ɗaura aure Asabar ɗin da ta biyo bayan wasan ƙarshe na kaka, ganyaye sun zube sun rufe farfajiyar masallaci. Anti Hamsatou ta yi ta gaya wa kowa ita ta fara sani.

Kwana tara bayan nan, ranar Litinin da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan amarya. Rilwanu ya buɗe, ya yi saurin durƙusawa.

Hajiya ce tsaye, da sabon littafin rubutu a ƙarƙashin mayafi, da fensir biyu da aka fiƙe.

"Tashi, ɗana. Ba wajenka na zo ba." Ta leƙa ta bayansa. "Malamar tana ciki?"