Numfashin Da Maren Ta Bi

Maren ta shiga kiɗan ita kaɗai.

Sautin gogenta ya fita siriri a cikin wani coci na garin Halifax da ya cika maƙil ranar Lahadi da la'asar, sauran ukun kuwa ko motsi ba su yi ba. Ta tsaya cak. Wani ya yi tari daga baya. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ƙungiyar masu goge huɗu ba ta da mai ɗaga hannu ya ba da umarni. Jagora ne yake jan numfashi, sauran su faɗa tare da shi. Jagoran nan mahaifinta ne, Fergus Halloran, wanda ya kafa ƙungiyar tun tana jaririya, ya zaga duniya da ita, ya ciyo lambobin yabo. Amma yau bai kai ga jan numfashi ba. Anselm mai babban goge ne ya yi ajiyar zuciya, hannunta kuwa ya bi shi.

Suka sake farawa, suka gama, aka tafa.

A ɗakin baya, Corinne, ta huɗunsu, wadda ta daɗe tana nema wa ɗalibarta kujerar Maren, ta ɗauki kofin shayi tana murmushi.

"Ashe an sauya mana jagora ba mu da labari? Fergus, ni dai na sha gaya maka."

Fergus bai kalle ta ba. Dokarsa ɗaya ce tak: ba soyayya tsakanin huɗun. Mahaifiyar Maren ce a kujerar nan a da, kuma rabuwar aurensu ta kusa kashe ƙungiyar.

"Numfashin wa kika bi?" ya tambayi Maren a hankali.

"Baba, kuskure ne..."

"Na san kuskure ne, 'yata. Na wa?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan baƙar rigarta.

"Na Anselm."

Anselm ya miƙe. "Maigida, laifina ne. In wani zai tafi, ni ne. Kujerar nan tata ce."

"Ba inda za ka, masoyina..."

Kalmar ta fita kafin ta kama bakinta. Corinne ta fashe da dariya. Maren ta suri akwatin gogenta ta fice ta ƙofar baya, ba ta ko ɗauki rigar sanyinta ba.

Kwanaki ba ta ɗaga wayar kowa ba. Ko akwatin gogen ta kasa buɗewa. Tana taɓa shi sai ta ji tarin mutumin nan.

Ranar da suka saba taruwa gwajin kiɗa, da safe ta je gidan mahaifinta, tana jiran ta tarar da ɗalibar Corinne a wurinta. Kujerar tana nan ba kowa, rigar sanyinta a rataye a bayanta.

"Zauna," in ji Fergus.

"Baba, na kunyata ka a gaban garinmu."

"Kin kunyata ni, gaskiya ne. Zauna dai."

Ta zauna, ta kasa duban Anselm.

"Na sake sauraron faifan da muka naɗa bana," Fergus ya ce. "Kowa yana yabon yadda ke da Anselm kuke fita kamar mutum ɗaya, ni kuwa ina ta karɓar yabon, na ɗauka koyarwata ce." Ya juya wajen Maren. "Mahaifiyarki ta yi shekaru tana bin numfashina. Ni ban taɓa sauraron nata ba."

"To dokar fa?" Corinne ta ce.

"Don kunyar kaina na kafa ta, Corinne. Gyara zamanki."

Ya ɗora gogen a kafaɗa, ya ɗaga sandar goga shi, amma bai ja numfashi ba. Sai ya juya ya dubi saurayin.

"Anselm, tunda kai take ji, ja mana."

Anselm ya dubi Maren. Ta ɗago a hankali, kunya da murmushi suna kokawa a fuskarta.

Ya ja numfashi.

Su huɗu suka shiga tare.